Wai Don Haƙori Kawai?



Wata biyu ke nan babu majalisar da mutum zai zauna a unguwar nan, daga teburin mai shayi har gidan suna, ba a ɗauko maganar yarinyar nan ba. Ba za mu kama sunanta ba, ba za mu faɗi layinsu ba. Wanda ya sani ya sani, wanda bai sani ba kuma bai rasa komai ba, domin maganar ta riga ta fi ƙarfin gida ɗaya. Ta zama maganar yadda za mu yi da kowane ɗa da kowace 'ya da muka tura karatu da kuɗin jama'a.

Ga abin da ya faru a taƙaice. A nan aka haife ta, a nan ta yi firamare da islamiyya. Tun tana sakandare ba ta da buri sai aikin asibiti. Sau biyu tana rubuta JAMB tana neman likitanci, sau biyu gurbi bai kai kanta ba. A karo na biyu aka ba ta bayokemistiri, wato ilimin sinadaran jikin mai rai, ta karɓa don kada ta zauna a gida. Yajin aikin malaman jami'a na 2020 ya cinye mata wata tara, na 2022 ya cinye wata takwas, duk da haka ta fito da sakamako mai kyau, ta yi bautar ƙasa, ta dawo. Aiki bai samu ba. Sai ta shiga digiri na biyu, wanda 'yan boko ke ce wa mastas, asusun taimakon karatu na unguwa ya biya mata rajista. Ta gama darussan aji, ta fara bincike. Ana cikin haka takarda ta fito: ta samu gurbin karatun likitan haƙori a wata jami'ar Arewa, za ta shiga aji biyu kai tsaye. Ta rubuta takardar janyewa daga mastas, ta ɗaure akwatinta.

Yanzu an sa ranar taro, Asabar ɗin ƙarshen wata bayan la'asar, kuma akwai masu shirin kawo buƙatu biyu: a cire sunanta daga waɗanda asusu ke taimakawa, sannan a nemi mahaifinta ya mayar da abin da aka kashe mata. Mu da muka rubuta wannan takarda muna cikin masu zuba kuɗi a asusun nan wata-wata, kuma ba za mu ɓoye ba, ranar da labarin ya iso mana mu ma ranmu ya ɓaci. Amma mun zauna, mun yi tambaya, mun auna, kuma ga matsayinmu tun kafin a je ko'ina: yarinyar nan ta yi daidai da ta tafi, buƙatun nan biyu kuwa in aka zartar da su abin kunya ne ga Limawa. Bari mu ɗauki maganganun da ake yi ɗaya bayan ɗaya.

Ta farko, wadda ta fi yawo, ita ce: “Wai don haƙori kawai? Ai da likita ce ta gaske da mun gane.” Haba jama'a! Wanda duk ya faɗi wannan magana, ko dai haƙori bai taɓa hana shi barci ba, ko kuma ya manta. Ciwon da ke sa ƙaton namiji ya zauna a tsakar gida ƙarfe biyun dare yana riƙe da kunci, ya kasa cin tuwo, ya kasa buɗe shago, shi ne ake ce wa “kawai”? Ku tuna da maƙwabcinmu mai ɗaukar kaya a babbar kasuwar Jimeta. Kogo ne ɗan ƙarami a matauninsa. Ya sa kanumfari, ya danna ƙwayar maganin ciwon kai a dasashi har wurin ya ƙone, wani ya ce ya ɗiga ruwan batir, ya ɗiga. Daga nan ya je wajen mai cire haƙori na bakin titi, haƙorin ya karye, saiwar ta zauna a ciki. Kwana huɗu, kumburi ya sauko ƙarƙashin haɓa ya kama wuya, numfashi ya fara yi masa wuya. Da daddare aka sa shi a Keke Napep aka kai shi asibiti, aka tsaga aka fitar da mugunya. Allah ya yi da sauran kwana a gaba. Amma wata biyu bai ɗauki ko buhu ɗaya ba, kuma mu ɗin nan ne muka haɗa masa kuɗin magani. A ranar babu wanda ya ce “haƙori kawai”.

Mu gyara wata fahimta. Likitan haƙori ba wanzami ba ne da aka sa wa farar riga. A jami'o'in ƙasar nan karatunsa shekara shida ne ga wanda ya shiga daga sakandare, daidai da na likitan jiki. A shekarun farko tare suke zama aji ɗaya, suna koyon ƙirar jikin mutum da yadda gaɓoɓi ke aiki, daga baya su koyi cututtuka da magunguna da tiyata, sannan ya karkata ga baki da fuska. Hukuma ɗaya ce ke ba su lasisi su duka, wato MDCN, kuma shi ma sai ya yi shekara guda yana aiki a ƙarƙashin manya kafin a sakar masa hannu. Wanda ya yi hatsari a hanyar Numan muƙamuƙinsa ya karye, waɗanda ke ɗaure masa shi daga wannan fanni suka fito. Jaririn da aka haifa da tsagaggen leɓe, suna cikin masu ɗinke shi. Ƙarin da ya fito a baki, sau da yawa su ne ke fara gane na daji ne ko ba na daji ba ne. Mai ciwon sukari da dasashinsa ke zubar da jini haƙora suna girgiɗa, wajensu zai je.

Akwai kuma cutar da ake kira noma. Ba noman gona ba, cuta ce mai cin baki da fuskar yara ƙanana, galibi 'yan shekara 2 zuwa 6, waɗanda yunwa ta raunana, sau da yawa bayan ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro. Da ɗan gyambo a dasashi take farawa, cikin 'yan kwanaki ta huda kunci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce in ba a yi magani ba, tana iya kashe har tara cikin yara goma da ta kama. Alhali in an gane ta da wuri, maganin kashe ƙwayoyin cuta da tsaftar baki da abinci mai gina jiki suna tsayar da ita. A Sakkwato akwai asibiti sukutum da aka buɗe a 1999 don wannan cuta, kuma a watan Disamba na 2023, bisa buƙatar da Najeriya ta jagoranta, hukumar ta sa ta cikin jerin cututtukan da duniya ta yi wa sakaci. Wane ne zai buɗe bakin yaro ya ga gyambon tun yana ƙarami? Wanda aka koya wa duba baki. A rahotonta na 2022 hukumar nan ta ce mutum kusan biliyan 3.5 ne ke fama da cututtukan baki da haƙori a duniya. Mu kuwa da muke shan shayi sukari cokali huɗu, yaranmu suna kwana da alewa a baki, ba mu ne za mu tsira daga wannan lissafi ba.

Abin mamaki, mu ne fa mutanen asuwaki. Tun muna yara malamanmu suke gaya mana falalarsa a gaban kowace salla. Mu ne kuma in Hajiya ta dawo daga aikin hajji da haƙorin Makka za mu cika gidanta muna barka. Haƙorin ado muna girmama shi, amma mai ilimin ceton haƙorin da Allah ya halitta mana muna yi mata dariya. Wannan wane irin lissafi ne?

Kuma ku sani, gurbin da ta samu ba a tsintarsa a hanya. An fara koyar da likitancin haƙori a Jami'ar Legas tun 1966, amma Arewa ba ta samu nata ba sai bayan shekara ta 2000, a Jami'ar Maiduguri, daga baya Jami'ar Bayero ta Kano ta bi sahu. An ba mu ratar fiye da shekara talatin. Sannan hukumar MDCN tana ƙayyade wa kowace makaranta adadin ɗaliban da za ta ɗauka, gwargwadon malamanta da kujerun aikinta, kuma kason masu shiga aji biyu kai tsaye ɗan kaɗan ne a cikin wannan adadi. Mun yi murna a 2021 da doka ta mayar da Jami'ar Modibbo Adama cikakkiyar jami'a mai ikon koyar da likitanci, muka ƙara murna da aka mayar da Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Yola asibitin koyarwa. To gine-ginen nan su wa za su yi aiki a cikinsu? 'Ya'yan wasu? Gobe mu ne za mu zauna a majalisa muna ƙorafin babu namu a ciki.

Magana ta biyu: “An yi asarar kuɗi.” Wannan ta fito ne daga bakin 'yan kasuwa, don haka bari mu amsa da harshen kasuwa. Alhaji, in ka sayi dilar kaya ka biya kuɗin mota, kana Song a hanyar Mubi aka yi maka waya cewa kasuwar kayan ta faɗi can, amma a Gombi ana nemansu ido rufe, me za ka yi? Za ka ce tunda na biya mota har Mubi dole in kai Mubi? Ba mu taɓa ganin ɗan kasuwar Limawa mai wannan wauta ba. Kuɗin da aka biya ya riga ya tafi, ko ta zauna ko ta tashi ba zai dawo ba. Abin da ya rage a auna shi ne na gaba: wace hanya ce za ta fi amfanar ta, ta fi amfanar mu?

Ba mu raina digiri na biyu ba. Ga wanda zai koyar a jami'a ko ya yi aikin bincike, tsani ne da ba a tsallake shi. Amma mu faɗa wa kanmu gaskiya, da yawa daga cikin 'ya'yanmu ba don son bincike suke shiga mastas ba. Suna shiga ne don zaman gida ya ishe su, don in an tambaye su a gidan biki “me kake yi yanzu?” su samu abin faɗa. Muna da masu wannan takarda a unguwar nan da ke zaune a rumfar POS, muna da masu jan Keke Napep. Ba aibi ba ne, neman halal ne, Allah ya sa albarka. Amma babu wanda zai ce takardar ce ta ba su wannan sana'a. Yarinyar nan ta shiga mastas ne don ƙofar da take so a rufe take. Yau ƙofar ta buɗe, mu ce ta tsaya a zaure don an riga an shimfiɗa mata tabarma? Kuma karatun da ta yi bai zube ƙasa ba. Digirinta na farko shi ya ba ta damar tsallake aji ɗaya, bayokemistirin da ke kayar da ɗaliban likitanci a aji biyu kuwa ita abincinta ne.

Magana ta uku ta fi fitowa daga cikin gida, daga Goggonni da Innoni, kuma mun san don ƙauna ce: “Shekarunta fa? Yaushe za ta yi aure?” To mu ƙirga tare. Yau shekararta 27. Aji biyu zuwa aji shida shekara biyar ne, in Allah ya kiyaye yajin aiki. Ta gama tana da 32, ta ƙara shekara ɗaya ta sanin makamar aiki. Bautar ƙasa sau ɗaya ake yi, ita kuwa ta riga ta yi. Yanzu Goggo, in ba ta je ba, nan da shekara biyar shekarunta nawa? 32 ɗin dai. Shekaru ba sa jiran kowa. Bambancin kawai, za su same ta da sana'a a hannu ko za su same ta tana cizon yatsa. Aure kuwa ba a taɓa cewa takardar shiga jami'a tana warware shi ko tana hana ɗaura shi ba. Matan aure nawa ne suke karatu da goyo a baya? In mijin kirki ya fito gobe a ɗaura, a rubuta sharaɗin karatu a gaban waliyyai, shi ke nan.

Ku kuma maza, a nan muke da magana da ku. Ku ne in matarku za ta ga likita kuke tsayawa a bakin ƙofa kuna tambaya, “Babu mace ne?” Ku ne kuke cewa ba ku son namiji ya sunkuya a kan fuskar iyalinku. Mun yarda, kishi ne mai kyau. To macen daga ina za ta fito? Daga sama za ta faɗo? Likita mace 'yar wani ce da ya haƙura ya bar ta ta yi shekara shida a makaranta, ya toshe kunnensa daga irin maganganun da muke yi yau. Ba zai yiwu mu so cin 'ya'yan itace muna sare dashe ba.

Magana ta huɗu ita ce mai nauyi, kuma ba za mu yi mata riƙon wasa ba: “Ta ci amana. An ba ta kuɗi don abu kaza, ta bar shi.” A nan akwai gaskiya guda da dole mu faɗa, ko da ba za ta yi wa gidansu daɗi ba. Yarinyar nan ta yi kuskure, mahaifinta ma ya yi. Dattawan da ke riƙe da asusu a bakin titi suka ji labari. Mutumin da ya bi gida-gida yana karɓar ɗari biyar da dubu ɗaya don karatunki, bai kamata ya ji labarin tafiyarki a wajen mai shayi ba. Kamata ya yi ranar da takarda ta fito, kafin a gaya wa kowa, Baba ya sa hularsa ya kama hannunta su je su durƙusa su ce, “Ga abin da Allah ya kawo, me kuka gani?” Da an yi haka, mun rantse rabin wannan ƙura ba za ta tashi ba. Abin da ke ci wa dattawanmu rai ba kuɗi ba ne, raini ne suke gani an yi musu. Suna da hakkin a ba su haƙuri, kuma muna kira ga gidan da su yi haka kafin ranar taro, ba tare da jan ƙafa ba.

Amma rashin ladabin sanarwa daban, cin amana daban. Mun tambayi masu riƙe da littafin asusu: ranar da aka ba ta kuɗin, an ce bashi ne? Ba a ce ba. An ce in ta canza karatu za ta mayar? Ba a ce ba. Ta kai kuɗin makaranta ko ta sayi waya da atamfa? Ta kai makaranta, rasit na nan. To sharaɗin da ba a gindaya ranar bayarwa ba, ba a ƙirƙiro shi ranar fushi. Kuma mu tambayi kanmu, me ya sa aka kafa asusun tun farko? Don mu tara takardu a bango, ko don Limawa ta samu masu ilimin da za su amfane ta? In na biyun ne, to ba ta kauce daga manufa ba, hanya ta sake zuwa wuri ɗaya.

Ga kuma abin da masu zagi ba sa faɗa. Da takarda ta fito, akwai waɗanda suka ba ta shawarar ta yi shiru, ta riƙe biyun, ta riƙa leƙa mastas jefi-jefi, asusu ya ci gaba da biya. Wasu suka ce ta ɓace kawai, in sun gaji da nemanta za su share sunanta. Ta ƙi. Ta ce taura biyu ba ta taunuwa. Ta tambaya ko za a jingine mata karatun, aka nuna mata jingina ta ɗan lokaci ce, ba ta shekara biyar ba. Sai ta je ta sami malamin da ke duba bincikenta, ta gaya masa baki da baki. Ta rubuta takarda ta hannunsa, ta bi ta wajen shugaban sashe, ta kai ga shugaban makarantar manyan digirori. Ta mayar da littattafan laburare da makullin ɗakin gwaji, ta miƙa sakamakon gwaje-gwajen da ta fara don wani ɗalibi ya ɗora. Mun san yara nawa a unguwar nan da suka bar karatu ba sallama, iyaye suna ta aika kuɗin makaranta shekara guda ba su sani ba? Waɗannan babu wanda ya kira taro a kansu, saboda sun iya ɓoyewa. Wadda ta fito fili ita za a hukunta. Ku duba darasin da za mu koya wa na baya: in ka faɗi gaskiya a ci tararka, in ka yi ƙarya ka sha lafiya. Wannan tarbiyyar muke so?

Magana ta biyar: “In ta gama ma ba za ta dawo ba. Saudiyya za ta tafi ko Ingila, ko miji ya ɗauke ta zuwa Abuja.” Wannan tsoro ba na banza ba ne. Kowa ya san likitocin ƙasar nan suna ta ficewa, kuma ba za mu yi muku alkawarin abin da ke hannun Allah ba. Mai yiwuwa ta tafi. Amma mai mastas ma yana tafiya in ya samu hanya, ba mu ce a daina taimaka masa ba. Abu ɗaya muka tabbatar: in kuna son ku tabbatar ba za ta dawo ba, to ku tozarta mahaifinta a gaban jama'a, ku sa ya sayar da kan ɗinkinsa ya biya ku. Ranar da ta zama likita, duk sanda aka ambaci Limawa wannan za ta tuna. Ɗan Adam da alheri ake ɗaure shi, ba da igiya ba.

Kuma wai mu ne za mu zargi mutum don ya bar wuri ya nemi wanda ya fi? Mu 'yan Limawa? Ku tambayi tsofaffinku daga ina aka zo. Wani daga Kano, wani daga Katsina, wani daga Haɗeja, wani daga Zazzau. Kakanninmu sun bar gonaki da karofi da rumfunan da suka gada, suka bi hanyar fatauci har bakin Binuwai, saboda sun hango abin da na gida ba su hango ba. Babu shakka ranar da suka ɗaura kaya akwai wanda ya ce sun yi wauta, sun saki na hannu. Da sun saurara, da babu mu a nan. Shi kansa Modibbo Adama, wanda ya kafa Yola a 1841, wanda ƙasar nan take amsa sunansa, sai da ya bar gida ya je Barno neman ilimi kafin ya zama abin da ya zama. Zama wuri ɗaya tsautsayi ne, in ji kifi. Jikokin fatake ba su ne za su koya wa 'ya'yansu tsoron hanya ba.

Sai ku samari da 'yan mata masu karanta wannan takarda kuna murmushi. Kada ku ɗauka mun ba ku lasisin tsalle daga wannan kwas zuwa wancan duk sanda karatu ya yi zafi. Wanda ya gudu don ya faɗi jarrabawa daban, wanda ya tashi don ya samu abin da ya daɗe yana nema daban. In irin wannan ta same ku, ga abin da za ku kiyaye. Kada ku saki reshe ku kama ganye: ba a janyewa saboda an ga suna a wani jeri da ke yawo a WhatsApp, sai gurbin ya fito a shafin JAMB, kun karɓa, takardar jami'a tana hannunku. Ku bincika ko hukumar MDCN ta amince da makarantar, don akwai baƙin cikin da ya fi rashin gurbi, shi ne ka gama shekaru a ce ba za a ba ka lasisi ba. Ku zauna da iyayenku ku yi lissafin shekara biyar, ba na zangon farko kaɗai ba: rajista, ɗaki, abinci, kuɗin mota da ya ninka tun cire tallafin mai a 2023, da kayan aikin hannu da ɗalibin haƙori yake saya da kuɗinsa. Ku fara gaya wa wanda ya ɗauki nauyinku kafin kowa. Sannan ku fita ta ƙofa, da takarda da sallama, don malamin da kuka bari yau mai yiwuwa shi za ku nema ya sa muku hannu gobe.

Saboda haka, ga abin da muke roƙon taro ya yi ranar Asabar. Na ɗaya, a karɓi haƙurin gidan yarinyar nan in sun kawo, a rufe wannan babi. Na biyu, a jefar da maganar mayar da kuɗi, kada ma a rubuta ta a littafi, don jikokinmu za su karanta. Na uku, a bar sunanta cikin waɗanda ake taimakawa gwargwadon ƙarfin asusu. In ana ganin shekara biyar ta yi wa asusu nauyi alhali ga wasu yara a layi, wannan magana ce ta hankali, a zauna a yanka abin da za a iya, ko rabin rajista ne, a gaya mata tun yanzu don ta san inda za ta nemi cikon. Na huɗu, daga yau a rubuta ƙa'ida: duk wanda asusu zai taimaka, a gaya masa kyauta ce ko bashi, a gaya masa in zai canza karatu dole ya sanar da dattawa kafin ya sa ƙafa, a kuma nemi ya riƙa ba unguwa wani abu daga iliminsa lokacin hutu. Ita wannan, ko daga aji uku, za ta iya shiga islamiyyunmu ta koya wa yara wanke baki, ta nuna wa iyaye mata irin gyambon da ba a kwana da shi a gida. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Iyayenmu dattawa, mun san wasunku za su ga mun yi tsaurin ido. Ku gafarce mu. Tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa, kuma ba a taɓa cire ɗaya don a huce wa ɗaya ba. Ku kuka kafa asusun nan lokacin da babu wanda ya yarda zai kai shekara, ku kuka koya mana cewa ɗan unguwa na kowa ne. Abin da kuka koya mana shi muke tuna muku.

Ku kuma sauran jama'a, maza da mata, kada ku zauna a gida ranar Asabar sannan ku zo majalisa ranar Lahadi kuna cewa ba a kyauta ba. Duk mai zuba ko naira ɗari a asusun nan yana da baki a wurin. Ku zo ku yi magana.

Allah ya ba ta sa'ar abin da ta je nema, ya shirya mana zuriya, ya haɗa kanmu a kan gaskiya. Wassalamu alaikum.